Mai Namu, Layi Namu, Riba Tasu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a jami'ar nan, tun daga ɗakunan kwanan ɗalibai har zuwa teburin mai shayi na bakin ƙofa. Da zarar an ga layin motoci ya miƙe a gidan mai, ko an ji direbobi sun ƙara kuɗin mota, sai wani ya gyara murya, galibi daga cikin 'yan'uwanmu masu karatun tattalin arziki, ya ce wai gwamnati ba ta da abin yi a kasuwa. A sayar da matatun mai, in ji shi, a sayar da bututai da rumbunan ajiya, a sayar da NNPC ɗungurungum ga masu kuɗi, kowa ya huta. Nan da nan sai 'yan amshin shata su ɗauka. Har wanda bai karya kumallo ba, don kuɗin kokonsa sun tafi a kuɗin mota, shi ma sai ka ji yana cewa a sayar. To, jama'a, ni ban yarda ba. Tun da Ƙungiyar Hausa ta buɗe mana wannan fili, bari in baje kolina, wanda ya ga aibu ya zo ya nuna.

Da farko dai, kada wani ya zaci na zo in wanke hukumar NNPC da sabulu ne. Wa zai iya? An kafa ta a 1977, amma sai a 2020 ta fara buga wa jama'a littafin lissafinta wanda masu binciken kuɗi suka duba, watau ta shekara 43 tana cin kasuwa da dukiyar mutane ba ta nuna musu takarda ba. Da aka buɗe littafin kuwa, sai aka tarar matatar Kaduna ba ta shigo da ko kwabo ba a shekarar 2018, alhali ta yi hasarar kimanin naira biliyan 64. Tun hukumar tana 'yar shekara uku, a 1980, aka kafa kotun bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe a kan zancen ɓatan naira biliyan 2.8. Kotun ta ce ba ta ga inda kuɗin suka ɓata ba, amma ta iske rubuce-rubucen hukumar a hargitse. A 2014 kuma, sa'ad da Malam Sanusi Lamido Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya ce akwai dala biliyan 20 na kuɗin mai da ba su shiga baitulmali ba, abin da ya biyo baya shi ne dakatar da shi a watan Fabrairu. Duk wannan na sani, kuma yana ƙona mini rai kamar yadda yake ƙona wa kowa. Ba a kan cutar muke jayayya ba, a kan maganin da ake so a ɗura mana ne.

Mu da muke karatun Hausa, tun a aji ɗaya aka koya mana mallaka a darasin nahawu, doguwa da gajeruwa: nawa, naka, namu, gidana, gidanka, gidanmu. To, ku kasa kunne ku ji yadda Bahaushe yake magana a kan fetur. Ba za ka taɓa jin ya ce manmu ba. Cewa yake yi man gwamnati, kamar dai yadda yake cewa motar gwamnati ko filin gwamnati. A bakinsa kuwa, kayan gwamnati kaya ne marar mai shi: wanda ya sami dama ya ɗiba, wanda bai samu ba ya yi Allah ya isa. Harshe bai yi ƙarya ba a nan. Dokar man fetur ta 1969 ta danƙa duk man da ke ƙarƙashin ƙasar Nijeriya ga gwamnatin tarayya, sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita haka. Amma mai abu ai shi ne wanda in ya yi tambaya tilas a amsa masa, in ya ga ɓarna ya kori maɓarnaci. Yaushe talakan Ɗambatta ko na Bagudo ya taɓa samun wannan iko a kan ko da cokali guda na man nan? Abin da aka shekara 50 ana yi mallakar masu riƙe da gwamnati ce, na kaki da na babbar riga. Mallakar jama'a ba a taɓa gwada ta a ƙasar nan ba, balle a ce ta kasa.

Masu cewa a sayar suna magana kamar ba a taɓa barin mai a hannun 'yan kasuwa ba. Su tambayi dattawan malamanmu. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, kuma har zuwa tsakiyar shekarun 1970 rarraba fetur da kananzir a cikin ƙasa yana hannun kamfanonin Turawa ne, su Shell da BP da Mobil da Esso da Texaco da Total da Agip. Matata ɗaya ce tal, ta Fatakwal, wadda ta fara aiki a 1965. Da aka gama yaƙin basasa kuɗin mai suka kwararo, aka yi ƙarin albashin Udoji na 1974, ma'aikata suka afka wa babura da motoci, bukata ta tashi. Kamfanonin nan ba su ga ribar gina rumbu ko shimfiɗa bututu zuwa Gusau da Maiduguri ba, domin ba don Allah suka zo ba. Sai aka shiga wahalar mai har ta kai gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1975 a ƙarƙashin Mai Shari'a Oputa. Ashe layin mai ya girmi NNPC. A hannun 'yan kasuwa aka haife shi, a hannunsu aka yanke masa cibiya.

Amsar da gwamnati ta bayar a wancan zamani ita ce gini. Aka buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, sabuwar ta Fatakwal a 1989, gaba ɗaya matatu huɗu masu iya tace ganga 445,000 a kowace rana. Aka shimfiɗa bututu kimanin kilomita 5,000, aka gina rumbuna a manyan garuruwa. Ɗanyen mai yakan taso daga Escravos, ya biyo ta Warri, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa ya iso Kaduna. A tace shi a can, fetur ya biyo bututu ta Zariya ya sauka a daffon Hotoro da ke Kano, wani reshen ya nufi Gusau, wani ya bi ta Jos da Gombe ya tiƙe a Maiduguri. Bugu da ƙari, a 1975 aka kafa asusun daidaita farashi, wanda ya riƙa biyan kuɗin dako domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Ikko da Nguru. Ku duba taswira ku ga wa wannan shiri ya fi amfana. Mu ne, mutanen da suke nesa da teku. Babu ɗan jari-hujjar da zai kwana yana tunanin yadda mai injin ban-ruwa a fadamar Haɗeja zai sami mai da araha. Hukumar da ake iya tuhumarta ita kaɗai ce za ta yi haka.

To, wa ya kashe matatun? A nan ne nake so masu karatu su tsaya su yi lissafi irin na mai shago. Matata kamar injin niƙa take, tilas lokaci-lokaci a tsai da ita a kwance ta a yi mata garambawul. Aka daina yi a kan kari, in ma an tashi yi sai kwangilar ta zama ta rabon ganima. Ina dalili? Dalilin shi ne matata mai aiki fetur kawai take bayarwa, matacciya kuwa saniyar tatsa ce mai hantsa uku. Ga kwangilar gyaran da ba ya ƙarewa, ga lasisin shigo da mai daga waje, ga kuma kuɗin tallafi da ake biyan mai shigowar. Kwamitin Majalisar Wakilai da ya yi bincike bayan zanga-zangar Janairun 2012 ya nuna cewa an ware naira biliyan 245 don tallafi a kasafin 2011, amma abin da aka kashe ya haura naira tiriliyan 2, kuma ƙasa ta yi hasarar kimanin dala biliyan 6.8 tsakanin 2009 da 2011. Masu shigo da mai sun tashi daga kamfani 19 a 2008 sun koma 140 a 2011. An biya wasu kuɗin jiragen ruwan da ba su taɓa zuwa gaɓa ba. Su waye waɗannan kamfanoni? Na gwamnati ne? Ko kusa. Na 'yan kasuwa masu zaman kansu ne, waɗanda ake ce mana sun fi gwamnati iya riƙon amana. Ma'aikacin hukuma ya sa hannu, ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi, su haɗu da dare su raba. Daɗin daɗawa, shugaban kwamitin da ya tono wannan, Faruk Lawan, shi ma kotu ta ɗaure shi a 2021 a kan cin hancin dala 500,000 daga wani ɗan kasuwar mai. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ba a daddara ba. A watan Maris na 2021 aka amince da dala biliyan 1.5 don gyaran matatar Fatakwal, a watan Agusta kuma aka ƙara kusan wannan adadi don Warri da Kaduna. A Nuwamban 2024 aka kaɗa ganga aka busa algaita wai tsohuwar matatar Fatakwal ta tashi, a Mayun 2025 aka sake rufe ta. Ta Warri da aka ce ta tashi a ƙarshen Disamban 2024 ko wata guda ba ta cika ba ta koma ta kwanta. A tsakanin nan, a Fabrairun 2022, aka shigo mana da gurɓataccen fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya lalata injunan mutane, aka yi makonni ana kwana a layi. Ƙasar da take haƙo ganga fiye da miliyan 1 a rana ita ce take aika ɗanyen manta Turai a tace, ta biya jirgi zuwa da dawowa, sa'an nan a kawo mata guba. Haba jama'a! Yanzu kuma waɗanda suka azurta da mutuwar matatun su ne kaɗai suke da kuɗin sayensu. An kashe saniya da gangan, an zo ana taya gawar a farashin fata.

Sayarwar ma ai an gwada. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi harkar sayar da mai ta Shell ta zama National Oil, ta Esso ta zama Unipetrol, ta BP kuma Janar Obasanjo ya ƙwace a 1979, saboda rikicin wariyar launin fata a kudancin Afirka, ta zama AP. Wajen shekarar 2000 aka sayar da hannun gwamnati a cikin ukun, suka koma Conoil da Oando da kamfanin da daga baya ya zama Forte Oil. Layi ya ƙare? A Mayun 2015 dillalai suka riƙe mai a kan bashin tallafin da suke bin gwamnati, har bankuna suka riƙa tashi da azahar, jiragen sama suka kasa tashi. A Disamban 2017 mutane suka yi bukukuwan ƙarshen shekara a gidajen mai. Ku waiwayi wutar lantarki kuma. A Nuwamban 2013 aka raba gadon NEPA aka miƙa wa 'yan kasuwa, da alkawarin za mu manta da duhu. Zuwa 2022 bankuna suka karɓe kamfanonin rarraba wuta na Kano da Kaduna da Binin, don waɗanda suka saya da bashi suka saya, kuma sun kasa biya. Sauran bayanin na bar wa duk wanda ya taɓa yin karatun jarrabawa da fitilar waya.

Za a ce mini, to ai Shugaba Obasanjo ya sayar da matatun Fatakwal da Kaduna a 2007 a kan dala fiye da miliyan 700, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo aka warware cinikin, kuma da an bari da yanzu suna aiki. Mai yiwuwa ne. Amma cinikin da aka ƙulla a kwanakin ƙarshe na mulki, a gurguje, ma'aikata suna kuka, ba cinikin da mai gida ya sani ba ne. Laifin da ke wuyan gwamnatocin da suka biyo baya shi ne sun karɓo kayan sun kuma mai da su hannun waɗanda suka lalata su tun farko. Za a kuma kawo mini misalin kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny, wanda ya fara fitar da kaya a 1999, yake kuma zuba riba a baitulmali. Madalla, ina son wannan misali. Kashi 49 cikin 100 na kamfanin na Nijeriya ne, ita ce mai hannun jari mafi girma. Abin da ya raba shi da matatun shi ne minista ba ya iya aiko da ɗan ƙanwarsa a ba shi kujera, kuma ana duba littafinsa kowace shekara. Tsari ne ya cece shi da ido a kan kuɗi, ƙasa kuwa ba ta saki hannunta ba.

In kuwa gaskiya ne duk abin da gwamnati ta riƙe sai ya mutu, to a yi mini bayanin Petronas na Maleshiya, wanda aka kafa a 1974, shekara uku kacal kafin NNPC, kuma na gwamnatin ƙasar ne ɗari bisa ɗari. A yi mini bayanin Norwe, wadda ta kafa kamfaninta a 1972, take riƙe da kashi 67 cikin 100 nasa, ta kuma tara rarar kuɗin mai a wani asusu da ya haura dala tiriliyan 1 tun 2017, asusun da kowane ɗan ƙasar yake iya leƙa intanet ya ga abin da ke ciki. Alhazanmu suna zuwa Saudiyya kowace shekara, inda gwamnati ta gama mallake Aramco tun 1980. Wane alhaji ne ya dawo ya ba da labarin 'yan bumburutu a Jidda? Na san za a jefo mini Benizuwela, wadda ta mai da manta na ƙasa a 1976, ta fi kowa arzikin mai a ƙarƙashin ƙasa, amma a 2020 mutanenta suka riƙa kwana a layi har sai da Iran ta aiko musu da fetur a jirgin ruwa. Ita ma hujjata ce. Can ma 'yan tsiraru ne suka mai da kamfanin aljihunsu, suka kori ƙwararru, suka rufe littafi. Cutarsu irin tamu ce.

Yanzu mu zo ga abin da muka gani da idonmu. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar a wurin rantsuwa cewa tallafi ya ƙare. Kafin kwana uku litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 488 a Ikko, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Ku lura da wannan jeri, domin ran nan ne aka binne daidaita farashi: wanda ya fi nisa da teku, ya fi talauci, ya fi shan wahalar yaƙi, shi ne zai fi biya. A Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000. Ana cewa ai layi ya ragu. Ƙwarai ya ragu, kamar yadda layin mahauci yakan ragu in nama ya gagari talaka. Ga lissafi mai sauƙi. A 1982 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, lita kuwa kwabo 20, watau albashin ɗan masinja yana sayen lita 625. A Oktoban 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, yana sayen lita 70. Ƙarancin mai bai tafi ko'ina ba, tashi ya yi daga bakin famfo ya koma cikin aljihu, inda ba mai ɗaukar hotonsa. Ban ce tsohon tsarin tallafi alheri ne ba, tun da ya cinye fiye da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, kuma ɓarayi sun fi mu morar sa. Amma in ɓera ya shiga rumbu, ɓeran ake kamawa. Su sai suka bar ɓeran, suka hana yara tuwo.

Wanda yake son ganin sabon layin ya je Majiya, a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a can, mutane suka fito da bokiti da jarka suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka ƙone. Bayan wata uku, a Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Masu zama a ofis mai sanyi suka ce jahilci ne. Mutumin da ya san wuta sarai, amma ya ga bokiti ɗaya ya fi abin da yake samu a mako, ba jahilci ne ya tura shi ba. Kuma a tambaya, me ya sa hanyoyinmu suka cika da tankoki? Domin bututan da aka shimfiɗa da kuɗin iyayenmu an bar su sun ruɓe, an huda su, har ya zama kusan duk litar da za a sha a Arewa sai ta yi tafiyar kilomita 1,000 a bayan mota.

Ko maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana. Shekara da shekaru arahar manmu tana tsallaka iyaka ta Jibiya da Illela, har gwamnati ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, ta hukunta garuruwa sukutum saboda laifin 'yan fasa-ƙwauri da masu buɗe musu hanya. Da arahar ta ƙare, sai ga layi a Yamai a Maris na 2025, ko da yake suna da matatarsu a Damagaram tun 2011 mai tace ganga 20,000 a rana.

Saura zancen matatar Ɗangote, wadda ita ce babbar hujjar abokan jayayyata. Gaskiya ce, mutum ɗaya ya gina matata mai tace ganga 650,000 a Lekki, ta fara ba da fetur a Satumban 2024, ta kuma kunyata duk wanda ya taɓa cin kuɗin gyaran matatunmu. Ban raina wannan aiki ba. Sai dai a tuna ba da hannu ɗaya aka ɗauki jinkar ba: a yankin da aka sassauta wa haraji aka gina ta, NNPC ta zuba dala biliyan 1 a ciki, kuma tun Oktoban 2024 gwamnati ta shirya sayar mata da ɗanyen mai da naira. Abin da ya fi damuna shi ne a wayi gari ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana shan mai daga rijiya guda, rijiyar kuma ta mutum ɗaya. Ko da mutumin waliyyi ne, injin yakan lalace, rigima takan tashi, kamar yadda aka gani a Satumban 2025 da ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta shiga yajin aiki a kan korar ma'aikata a matatar. Gwamnati in ta cuce mu muna da ƙuri'a, muna da majalisa, muna da titi. 'Yan'uwanmu ɗaliban Jos titi suka fita a Afrilun 1988 da aka ɗaga lita daga kwabo 39.5 zuwa 42. A 2012 titi ne ya sauko da ita daga naira 141 zuwa 97. In komai ya koma hannun ɗan kasuwa, ƙofar wa za mu je mu tsaya?

Akwai kuma abin da ya kamata mu 'yan Arewa mu faɗa wa kanmu, ko da ba daɗi. In mun ce man namu ne, to mu faɗa da ladabi, domin akwai waɗanda a gonarsu ake haƙo shi. Oloibiri da ta fara ba ƙasar nan mai an tsotse ta an watsar. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamban 1995 a kan kukan da suka yi na ƙasar Ogoni, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce share ƙazantar da aka yi a can zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Kamfanonin waje ne suka yi ta haƙar, gwamnati tana da kaso mafi tsoka, babu wanda ya tsaya wa masuncin da kifinsa ya mutu. Shi da mai acaɓan Gusau hannu ɗaya ne ya mare su. Mallakar jama'ar da ba ta fara da shi ba wata sabuwar ƙwace ce, kuma tun da aka kafa tutar haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gombe, a Nuwamban 2022, gara mu koyi wannan darasi tun kafin ya zo kanmu.

Me nake nema ke nan? Dokar masana'antar mai ta 2021 ta mai da NNPC kamfani, aka yi masa sabon tambari a 2022, amma an canja wa tuwo suna ne. Shugaban ƙasa ne yake naɗa shugabanninsa, shi yake sauke su, kamar yadda aka yi a Afrilun 2025. Obasanjo ya riƙe wa kansa kujerar ministan mai kusan duk mulkinsa, Buhari ya riƙe shekara takwas, Tinubu ma ya riƙe da ya hau. Mai shago shi ne mai bincike, shi ne kuma alƙali. Wannan igiya ce ya kamata a tsinke, ta yadda ba mai naɗa shugaban kamfanin ko ya tuɓe shi sai an yi a bainar jama'a a gaban majalisa. Kowane jirgin da ya ɗauki ɗanyen mai a rubuta wa ya saya, nawa ya biya, ina kuɗin suka shiga, a kuma karanta a rediyo da Hausa da Yarbanci da Ibo da Ijo, kada a bar shi cikin Turancin akantoci. Hukumar NEITI tana buga irin wannan bincike, doka ta ba ta iko tun 2007, rahotanninta suna nan ƙura tana ci don ba a hukunta kowa. Matatun kuwa, in babu masu iya gudanar da su a cikin kamfanin, a ɗauko ƙwararru ko daga ina ne, a biya su gwargwadon litar da suka tace, kayan su zauna a hannun ƙasa. Mai gona yakan ɗauki ɗan ƙodago, ba ya sayar da gonar don ya kasa noma. In injiniyoyi sun tabbatar wata matatar ta wuce gyara, su fito su faɗa, a gaya mana kuma wa ya karɓi kuɗin gyaran gawa. Bututai da rumbuna dai kada a kuskura a sayar da su, domin duk wanda ya riƙe bututun Kaduna zuwa Kano ya riƙe maƙogwaron Arewa.

Ga 'yan'uwana na sashen tattalin arziki, na san ba za ku yi shiru ba, kuma ba na so ku yi. Ku rubuto amsa a fitowa ta gaba, amma da sharaɗi ku rubuto ta da Hausa, yadda mai shayin bakin ƙofa zai iya bin hujjarku, kada ku ɓuya a bayan zane-zanen allo. Ku gaya mana wa yake da kuɗin sayen matatar Kaduna a ƙasar nan, a ina kuma ya samo su. Sa'an nan ku gaya mana, bayan an sayar, wa zai kai fetur Gaidam da damina, kuma a kan nawa.